Hannu Mai Ɗumi a Ƙofar Toktosun

Kerimkul likitan dabbobi ne, kuma a ƙauyukan da ke bayan garin At-Bashi da wuya ka sami garken da bai taɓa sa wa hannu ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hancinsa ja rani da hunturu. Da mutane ba shi da baki, gaisuwa ma sai an ja shi, amma ka bar shi da saniya mai naƙuda ka ji yadda yake lallashinta. Matarsa Burul ta sha faɗa a gaban jama'a cewa da ita saniya ce da ta ji daɗin aure.

Da doki ya fara aiki, lokacin da dabbobi duk na gonar gwamnati ne. Da aka raba garkuna kowa ya kama nasa, kira ya yi yawa, doki ya kasa, sai ya sayi babur. Daga nan ya san sanyi. A kan doki ɗumin dabbar yana ratsa cinyarka, ka cusa hannuwa cikin hannun riga ka bar shi ya bi hanyar da ya sani. Babur ba ya ba ka komai sai iska, kuma yana son yatsunka a waje, kan birki da kuloci, tun daga ƙofar gida har inda za ka. Babu dabarar da Kerimkul bai gwada ba: jarida a ƙirji ƙarƙashin rigar fatar tunkiya, safar hannu biyu a haɗe, aljihun fata da Burul ta ɗinka masa a hannuwan babur. Duk da haka, in ya yi awa ɗaya a hanyar da ke hawa tsauni, yatsunsa sai su sandare kamar itace.

Awa ɗayan nan kuwa daidai take kai shi gidan yayansa, Toktosun.

Toktosun ya girme shi da shekara tara. Shi ya gaji gidan hunturun mahaifinsu, wanda ke gindin mashigar tsauni, rabin hanya tsakanin gari da rugagen sama. Shi ya koya wa Kerimkul hawan doki, shi ya raka shi tasha ranar da zai tafi karatun likitancin dabbobi, ya yi ta yi wa fasinjoji alfahari har direba ya ce ya sauka in ba tafiya zai yi ba. Haka suke har wata bazara da tumakin Toktosun suka fara ɓari. Kerimkul ya ɗebi jini ya kai gwaji, aka ce ciwon nan ne mai tsallakawa jikin mutum ta madara. Toktosun ya roƙe shi ya yi shiru zuwa kaka. Kerimkul ya ce zai duba, ya koma ofis ya rubuta gaskiya. Aka zo da mota aka kwashe tunkiya sittin da biyu.

Rubuta gaskiyar ba laifi ba ne, akwai jikoki a gidan da ke shan madarar. Laifinsa ɗaya, bai je ya dubi idon yayansa ya faɗa masa ba, ya bar takarda ta yi masa magana. Halin Kerimkul ke nan tun yana yaro: zai iya cusa hannu har kafaɗa cikin saniya ya juya ɗan maraƙi, amma kalma uku ga ɗan Adam sai ta maƙale masa.

Ranar sadakar shekara ta mahaifiyarsu, bayan an ci nama an yi addu'a, Toktosun ya miƙe a gaban dangi ya ce: "Ku shaida, daga yau ba ni da ƙane. Gidan ubanmu yana bakin hanya, ba a taɓa rufe ƙofarsa ga wanda sanyi ya koro ba, ni ma ba zan rufe ba. Amma wanda ya zo don zumunci, ya juya."

Mutanenmu in sun yi magana a gaban dangi, sun gwammace su mutu a kanta. Kowa ya ɗauka shi ke nan.

Hunturu ya shigo. Wata ranar Laraba Kerimkul ya taso daga sama, inda ya yini yana yi wa shanun tsauni allura, iska ta tare shi a mashiga. Da ya iso daidai gidan yatsunsa sun daina jin birki. Ba dabara ya yi ba, da gaske sanyi ne ya koro shi. Ya bugi ƙofa da gwiwar hannu. Toktosun ya buɗe, ya dube shi, ya dubi hannuwan, ya matsa gefe. Ya zaunar da shi nesa da murhu kaɗan, ya zare masa safa, ya rufe hannuwan cikin tafukansa har jini ya fara dawowa, sannan ya ɗauko kwalbar kitsen jelar tunkiya ya shafe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ga matarsa Zurakan ya ce ta tambayi baƙo ko mashiga a buɗe take. Kerimkul ya ce ta gaya wa mai gida a buɗe take, amma gobe ba tabbas.

Zurakan, wadda al'ada ta hana ta kiran sunan dangin miji, tun tana amarya take ce wa Kerimkul Auta, kuma ba ta fasa ba har ya yi furfura. Ta ajiye masa shayi da gurasa ta ce, "Auta, ka ji dai, an mai da ni gidan waya. Ku biyu ku haɗa min albashi."

Hunturu goma sha ɗaya aka yi haka. Sau biyu a mako, wani lokaci sau uku. Tun daga gadar da ke ƙasa da gidan Toktosun ke jin ƙarar babur ɗin, ya ɗora buta a wuta, ya sauko da kwalba. Ta bakin Zurakan baƙo ya ji an yi wa mai gida jika, ta bakinta mai gida ya ji ƙafar Burul ta yi sauƙi. Da ƙanƙara ta narke kuwa, sai su haɗu a kasuwar dabbobi ranar Lahadi kowa ya kau da kai, kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. A duk kwarin nan Kerimkul kaɗai ne mutumin da in ya ga dusar ƙanƙara ta farko a kan tsauni sai ka gan shi yana murmushi shi kaɗai.

Sai 'yarsa Begaim ta zo hutu daga Koriya, inda take aiki a masaƙa. Ta ga yatsunsa biyu na hagu sun yi baƙi-baƙi a kai, fata tana saɓulewa, ga shi ba ya iya ɓalle maɓalli sai Burul ta taimaka. Ta ja shi asibiti. Likita ya ce in ya ƙara hunturu ɗaya a haka, yatsun nan sai wuƙa. Daga asibiti ba ta bari sun koma gida ba, ta sa shi a mota zuwa kasuwar garin Narin, rumfar wata Damira mai sayar da kayan babur a cikin kwantena.

Damira irin matan nan ne da ba sa sayar maka da abu sai sun yi maka karatu. Ta baje kaya a kan tebur. Ta ce rigunan ɗumi masu aiki da lantarki iri biyu ne. Akwai riga mai batirinta, ɗan ƙarami kamar sabulu, a aljihu. Tana da kyau ga mai zagaya gari, amma awa uku ta mutu, a sanyin sama ma ba za ta kai ba. Akwai kuma wadda ake jona wa batirin babur da waya, ita muddin inji na aiki tana aiki. Ta tambayi shekarun babur ɗinsa, da ta ji sai ta yi dariya ta ce wannan tsohon ba zai ɗauki riga da wando da safar ƙafa da ta hannu gaba ɗaya ba, fitila za ta dushe, batir ya kwanta, ya kwana a dawa da kayan ado. Sai dai ya zaɓi biyu. Ta ce rigar a sa ta ta kama jiki, a kan 'yar shara-shara, ba a kan rigar fata ba kamar yadda wani tsoho ya yi don mutane su gani, ya dawo yana zagin ta. Rigar fatar kuma kada ya kuskura ya bar ta a gida, don ranar da inji ya mutu ita ce uwarsa ita ce ubansa.

Kerimkul ya zaɓi riga marar hannu, wannan ba gardama. Da aka zo na biyu sai ya nuna safar ƙafa.

Begaim ta dube shi. Ta ce ƙafarsa lafiya lau, hannu ne ake maganar yankewa. Ya ce safar hannun ta yi kauri, ba zai ji kuloci ba. Damira ta sa masa, ta miƙo masa hannun babur da take ajiyewa don irin wannan gardamar, ya matsa, ya ji kuloci sarai. Ya ce wayar za ta sarƙe shi. Ta nuna masa yadda take bi ta cikin hannun riga. Ya ce launin bai yi masa ba. Damira ta ce, "Baba, baƙa ce. Wane launi kake so, na amare?"

Kerimkul ya san abin da yake karewa. Hannuwan nan masu sanyi su ne takardar shigarsa gidan ubansa, ba shi da wata. Amma ta yaya dattijo mai shekara hamsin da takwas zai tsaya a cikin kwantena ya gaya wa 'yarsa da wata baƙuwa cewa yana so yatsunsa su ci gaba da daskarewa don yayansa ya riƙe su? Ga kuma gaskiya ɗaya: likitan dabbobi marar yatsu ba ya juya maraƙi. Begaim ta ce, idonta ya kawo ruwa, ba don wasa take tsayuwar awa goma sha biyu a gaban inji ba. Ya sunkuyar da kai ya ce a ƙunshe safar hannun.

Kayan ba su da aibu, kada a ɗora musu laifi. Da ya kai babur ɗin Narin, mijin Damira ya jona waya, ya sa fis, ya maƙala makunni kusa da tanki. Ranar farko da Kerimkul ya kunna, ɗumi ya bazu a bayansa da ƙirjinsa kamar ya jingina da bangon murhu, ya sauko har ƙarshen yatsu, sai da ya ji kunya don daɗi. Matsalarsu ɗaya, yakan manta ya cire filogi kafin ya sauka, wayar ta fizgo shi baya kamar akuyar da aka ɗaure. Makiyayan sama sun yi wata guda suna dariyar wannan.

A tafiyar farko, da ya hau gada ya rage gudu. Ga hayaƙi yana tashi daga bututun gidan, ga karen Toktosun ya fito yana kaɗa jela. Ya motsa yatsunsa cikin safa, duk goma suka amsa. Da wane dalili zai buga ƙofa? Ya ce bari sai a dawowa. A dawowa ya ce rana ta yi, sai Asabar. Ranar Asabar ya danna ham sau ɗaya ya wuce, abin da bai taɓa yi ba, ya yi ta jin haushin kansa har gari. Mako uku yana wucewa, yana kallon hayaƙin ta gefen ido. Ya san an ji ƙararsa daga gada, ya san an ɗora buta. Abin bai hana shi barci ba, aiki bai tsaya ba, amma abinci ya daina yi masa daɗi, Burul ta ce ko rigar ce take dafa masa hanji.

A mako na huɗu ya yi dabara, irin dabarar mutumin da bai saba ƙarya ba. Da ya iso gada ya kashe makunni, don ya isa da sanyi. Daga gada zuwa gidan kuwa minti goma ne. Ya sauka, wannan karon ya tuna ya cire filogi, ya bar wayar tana lilo a ƙasan rigarsa. Ya bugi ƙofa da gwiwar hannu kamar kullum.

Toktosun ya buɗe. Buta tana kan wuta, kwalba tana kan tebur. Ya zaunar da shi, ya zare safar, ya juya ta ya dubi 'yar wayar da ke bakinta, ya ajiye. Ya rufe hannuwan cikin tafukansa. Mutumin da ya yi hunturu goma sha ɗaya yana narkar da yatsun nan ba za a ruɗe shi da sanyin minti goma ba. Ya riƙe su ɗan lokaci, bai saki ba. Sannan ya ɗago kai, kuma karo na farko tun ranar sadaka bai juya ga Zurakan ba, ya dubi ƙanensa kai tsaye.

"Hannunka da ɗumi," ya ce. "To me ya kawo ka?"

Zurakan ta tsaya da buta a hannu. Kerimkul ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Abin da ya ji a tambayar shi ne an kama shi, an tuna masa sharaɗi, ana nuna masa ƙofa. Amsar gaskiya tana bakinsa, gajeriya ce, ko yaro zai iya faɗinta. Ya haɗiye ta.

"Sarƙar babur ce ta saki," ya ce. "Na tsaya aron sifana."

Toktosun ya saki hannuwan a hankali. Ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗauko sifana ya ajiye a kan tebur kusa da kwalbar, ya koma ya zauna yana kallon murhu.

Kerimkul ya fita ya durƙusa a dusar ƙanƙara yana ɗaure sarƙar da babu abin da ya same ta. Zurakan ta biyo shi da gurasa a faranti, don ba a barin gida ba a taɓa gurasa ba. Ya gutsura. Ta rage murya ta ce, "Auta, koma ciki ka ba shi amsa." Ya ce ai ya ba shi. Ta ce shanu sun cuce shi, sun mai da shi irinsu. Ya miƙa mata sifana, ya jona filogi, ya tafi. Kafin ya kai mashiga ɗumi ya dawo masa har yatsu, bai taɓa tsanar wani abu kamar yadda ya tsani ɗumin nan ba.

Bai sake tsayawa ba a hunturun. Ya ce in bazara ta yi zai je da ƙafarsa, ba babur, ba dalili. Bazara ta zo da haihuwar tumaki, ba hutu. Ya ce sai an gama yankan ciyawa. Ana cikin yankan ciyawa aka aiko cewa Toktosun ya faɗi a bayan garke, ɓarin jikinsa ya shanye, babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa babban birni, Bishkek. Aka sayar da dabbobi, aka ba maƙwabci kare, aka sa wa gidan kwaɗo. Ko a nan sai da Kerimkul ya ƙara wata huɗu yana cewa bari ya ji sauƙi tukuna, kada ganinsa ya tayar masa da hankali. Burul ce ta gaji, ta ɗaure masa cinyar rago da busasshen cuku a jaka, ta ce in bai shiga mota ba ita za ta shiga, kuma ba lallai ta dawo ba.

Ya sauka Bishkek cikin Disamba. Safarsa mai waya ba ta da amfani in ba babur, ya bar ta a gida, tsohuwar kuma ya manta. Ya yi tafiyar rabin awa daga tasha yana neman lambar bene, jaka a hannu, iska tana yanka. Da ya hau hawa na biyar yatsunsa sun sandare.

Zurakan ta buɗe. Ta rame. Gidan ya yi zafi har an buɗe taga. Ta karɓi jakar, ta tsayar da shi a baranda kafin ya shiga.

"Ba ya gane mutane yanzu, ni ma wata rana sai ya ce min baiwar Allah," ta ce. "Amma bari in gaya maka, don kada in mutu da shi. Ranar nan ba korarka ya yi ba. Duk kwari an san ka sami rigar wuta, shi ma ya sani. Mako uku yana ɗora buta yana saukewa. Da ya ji ka tsaya sai ya ce min, yau ba sanyi ne ya kawo shi ba. Ya tambaye ka ne don ka faɗa da bakinka, shi kuma ya sami inda zai ajiye maganar da ya yi a gaban dangi. Kai kuma ka ce sarƙa."

Kerimkul ya cire takalmi ya shiga.

Toktosun yana zaune a kujera kusa da taga, bargo a gwiwa, hannun dama a kwance kamar ba nasa ba. Ya dubi mai shigowa da fara'ar da ake yi wa baƙo. Idonsa ya sauka kan hannuwan, sai fuskarsa ta canja, ya miƙo hagunsa. Kerimkul ya durƙusa ya ba shi. Tsohon ya kama yatsun da hannu ɗaya ya danna su a ƙirjinsa, ya kira Zurakan da harshe mai nauyi ya ce ta kawo kwalba. Babu kitsen jela a gidan bene, ta kawo man shanu a cokali. Ya shiga shafawa, yatsa bayan yatsa, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Yaya," Kerimkul ya ce, "ba sanyi ne ya kawo ni ba. Wurinka na zo."

Toktosun ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Ya ci gaba da shafawa. Can ya tambayi baƙo ko ta hanyar At-Bashi ya biyo. Kerimkul ya ce ta nan ya biyo.

"Ina da ƙane da ke bin hanyar nan da babur," in ji Toktosun. "Likita ne. Shi yanzu ba ya jin sanyi, shi ya sa ba ya tsayawa. In kun haɗu, ka ce masa buta tana kan wuta."

Kerimkul ya ce to, zai faɗa masa.